Asalin kalmar "bosom" da ma'anoninta: sharhi kan abin da ƙamusun Ingilishi suka ce

Harshen Ingilishi yana da kalmomi uku da ke nuni ga sashen jikin nan da ke tsakanin wuya da ciki, wanda Bahaushe ke kira ƙirji. Su ne "chest" da "breast" da "bosom". Biyun farko ba su cika wahalar da masu binciken asalin kalmomi ba. Ta ukun kuwa, fiye da shekara ɗari ke nan ana kai da kawowa a kanta, har yau ba a tsai da magana ɗaya ba. Wannan maƙala za ta duba yadda manyan ƙamusu suka bi da ita, ta kuma auna hujjojin da aka kawo, domin akwai alamar cewa ɗaya daga cikin ra'ayoyi biyun da suka fi yaɗuwa an gina shi ne bisa ma'anar da kalmar ta samu daga baya, aka juya wa tsofaffin ma'anoninta baya.

Ya kamata a fara sallamar sauran biyun. "Chest" baƙuwa ce. An aro ta tun da wuri daga Latinanci "cista", wadda ita ma daga Girkanci ta fito, ma'anarta kuwa akwati ko kwando. Ɗaruruwan shekaru ta yi a Ingila tana nufin akwati da makara, ba ta shiga jikin mutum ba sai wajen ƙarni na 15 zuwa na 16, lokacin da aka soma kallon haƙarƙari kamar akwatin da ke adana zuciya da huhu. "Breast" kuwa ƴar gida ce, akwai ƴan'uwanta a dukan rassan harsunan Jamusawa: "Brust" a Jamusanci, "brjóst" a tsohon harshen mutanen Iskandinabiya, "brusts" a harshen Gotawa. Yawancin masana sun danganta ta da wata tsohuwar saiwa mai ma'anar kumburi ko tsirowa. A riƙe wannan, domin za a sake komowa kansa.

Abin da aka tabbatar

A tsohon Ingilishi, wato harshen da Angulawa da Saksawa suka kai tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 aka ci gaba da rubuta shi har wajen 1100, surar kalmar ita ce "bōsm", gaɓa ɗaya, da dogon wasali. Wasalin da ake gani a gaɓa ta biyu a yau daga baya ya kutso, don sauƙaƙa furta baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma. Haka ya faru ga "fathom" da "bottom", waɗanda da can "fæþm" da "botm" ne. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da shi ma haka yake yi wa kalmomin aro, ya cusa wasali inda baƙaƙe suka yi cunkoso. Dogon wasalin farko ya ɗaga zuwa "u" a lokacin babban sauyin wasulan Ingilishi da ya soma wajen ƙarni na 15, daga baya kuma ya gajarce, amma rubutu ya tsaya inda yake. Shi ya sa ake rubuta "o" ana furta "u".

Ƴan'uwan kalmar su ma sanannu ne. Akwai "bōsm" a tsohon harshen Firisawa, "bōsom" a tsohon harshen Saksawan Jamus, "buosam" a tsohon Jamusanci wadda ta zama "Busen" a yau, da "boezem" a harshen Holanda. Dukansu na reshen yamma ne. Babu kalmar a tsohon harshen Iskandinabiya, babu ita kuma a harshen Gotawa. Wannan giɓi shi ne tushen dukan wahalar, domin Gotanci ne mafi daɗewa a rubuce cikin dangin, ta hanyar fassarar Baibul da Wulfila ya yi a ƙarni na 4, kuma sau da yawa shi ne ke riƙe baƙaƙen da suka zube a sauran harsunan. Inda Girkanci ya kawo kalmarsa ta ƙirji da runguma, Wulfila "barms" ya sa, wata kalma dabam da ta fito daga aikatau mai ma'anar ɗauka. Tsohon Ingilishi ma yana da ita, "bearm", suka zauna tare da "bōsm" zamani mai tsawo kafin ta ɓace.

Iyakar abin da aka tabbatar ke nan. Duk abin da ya wuce nan hasashe ne, ko da an rubuta shi da tauraro a gabansa, kamar yadda masana suka saba yi wa surar da aka ƙiyasta ba a same ta a rubuce ba.

Johnson da Murray

Samuel Johnson, a ƙamusunsa na 1755, bai yi wani dogon bincike kan asali ba. Surar Saksanci kawai ya kawo, kuma shi da kansa ya faɗa a gabatarwarsa cewa a kan irin waɗannan kalmomi ya dogara ne ga magabatansa biyu, Junius da Skinner. Sai dai ya yi wani abu da ya cancanci a lura da shi: da ya zo jera ma'anoni, runguma ya sa a farko, wato riƙe abu da hannu biyu a jikin ƙirji, sannan ƙirjin kansa ya biyo baya. Ba hujjar tarihi ce ta kai shi ga haka ba, kunnensa ne na mai karatun adabi. Amma kunnen ya ji daidai.

Babban ƙamus na Oksfod, wanda aka soma fitarwa a 1884 aka kammala a 1928, ya iso kan wannan kalma a 1887, ƙarƙashin jagorancin James Murray. Bayan an jera ƴan'uwanta na reshen yamma, sai aka bayyana a fili cewa ba a san asalinta na can nesa ba. Daga nan aka ambaci wani hasashe, aka kuma kira shi hasashe: mai yiwuwa kalmar ta fito daga tsohuwar kalmar hannu ko kafaɗa, don haka ma'anarta ta farko ita ce filin da hannu biyu suka kewaye. Wannan taka-tsantsan abin yabo ne, domin ya raba wa mai karatu abin da aka sani da abin da ake zato. Inda za a iya kama ƙamusun da laifi shi ne wajen jerin ma'anoni. Ƙirji a matsayin gaɓar jiki aka sa a gaba, runguma da rami da sauransu suka zama kamar ƴaƴanta. To, idan ma'anoni biyu duk sun bayyana tun a tsohon Ingilishi, shekarun rubutu ba za su nuna wadda ta haifi wata ba, sai dai hankalin mai ƙamus ya zaɓa. Hankalin mutumin ƙarni na 19 kuwa ya riga ya saba da ganin kalmar a jikin mutum.

Ra'ayin hannu

Kalmar da ake nufi ita ce "bōg" ta tsohon Ingilishi, mai ma'anar kafaɗa da damtse da kuma reshen itace. Ma'ana ta ƙarshe ce kaɗai ta rayu, a cikin "bough". A Jamusanci "Bug" har yanzu tana nufin kafaɗar dabba da kuma goshin jirgin ruwa. Danginta ya kai nesa: "bāhu" hannu ne a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, "pēkhus" kuma a Girkanci tana nufin daga gwiwar hannu zuwa yatsu, har da awon da ake yi da shi, wato kamu. Dacewar baƙaƙen farko na waɗannan kalmomi ba ta da tababa, ta bi ƙa'idojin da Grimm ya shimfiɗa a 1822 da wadda Grassmann ya ƙara a 1863.

Abin da ake cewa shi ne an liƙa wa wannan saiwa ɗafa-ƙeya mai "sm", baƙin maƙogwaron da ke ƙarshenta ya koma "h" a gaban "s", daga baya ya zube gaba ɗaya. Masu suka sukan ce babu wani karin harshe, ko ɗaya, da aka sami kalmar da wannan "h" a cikinsa. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin rauni ba ne. Sai dai zubewar "h" a cikin irin wannan cunkoso ba baƙon abu ba ne a tsohon Ingilishi. Kalmar "wæstm", mai ma'anar girma ko amfanin gona, daga aikatau "weaxan" ta fito, wato girma, wanda "x" ɗinsa "h" ne da "s" a haɗe. A cikin sunan, "h" ya tafi, "s" ya saura. Saboda haka hanyar a buɗe take, ko da yake ba a ga sawun kalmar a kanta ba.

Ta fuskar ma'ana ne wannan ra'ayi ya fi ƙarfi. "Fathom", wadda ke da irin wannan ƙira ta ƙarewa da "m", da can runguma take nufi da ƙirji da miƙaƙƙun hannuwa, kafin ta tsaya ga awon zurfin ruwa na ƙafa 6, kimanin mita 1 da santimita 83. Faransanci ya yi haka da "bras": daga gare ta aka sami "brasse" ta awo da "embrasser" ta runguma. Hausa kuma ta bi wannan hanya ba tare da ta koya daga kowa ba. Kalmar gaba tana nufin ƙirji, kamar a cewa gabansa ya faɗi, tana kuma nufin tsawon da ke tsakanin yatsun hannu biyu idan an miƙe su, wanda maginan rijiya ke auna zurfi da shi. Dole a yi hattara a nan. Irin wannan kamanci ba ya tabbatar da asalin kowace kalma, kuma babu dangantakar jini tsakanin gaba da "fathom". Abin da yake nunawa kawai shi ne tunanin ɗan Adam yakan haɗa ƙirji da hannuwa a kalma ɗaya, don haka wanda ya zaci haka ga "bōsm" bai zaci abin da ba ya faruwa ba.

Ra'ayin kumburi

Ra'ayi na biyu ya sami gindin zama a ƙamusun da suka bi tsarin Julius Pokorny, wanda ya fitar da babban ƙamusunsa na saiwoyin harsunan Indiya da Turai a 1959. A nan an mai da kalmar ga wata saiwa mai fara da "b" ko "bh" sannan "u", mai ma'anar hurawa ko kumbura. Bisa wannan, "bosom" abu ne da ya taso ya yi tudu. Da jin haka mai karatun yau zai gyaɗa kai, domin ya dace da abin da ya sani, ya kuma dace da asalin da aka ba "breast".

Dacewar nan ita ce abin zargi. Da farko, saiwar da ake magana a kanta buhu ce mai faɗin baki. An zuba mata kalmomi masu yawa waɗanda abin da ya haɗa su bai wuce baƙin leɓe da wasalin "u" da wata ma'ana ta abu mai kauri ko mai iska ba. Irin waɗannan kalmomi kowane harshe na iya ƙirƙirarsu a kowane zamani ta kwaikwayon kumburin kunci, don haka kamancinsu ba ya nuna gado. Na biyu, babu "u" na asali a cikin "bōsm" ko a cikin ƴan'uwanta na dā. Wanda ake ji a Ingilishi da Jamusanci na yau daga dogon "o" ya samu. Kafin a kai ga saiwar sai an ƙiyasta wani dogon tagwan wasali, sannan a ƙiyasta cewa rabinsa ya zube. Wanda ya ƙi ra'ayin hannu saboda "h" da ba a gani ba, ba shi da bakin karɓar wannan da "u" ɗin da shi ma ba a gani ba.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, tsofaffin ma'anonin kalmar ba tudu suke nunawa ba. A waƙar da aka yi kan yaƙin Brunanburh na shekarar 937, inda sarki Atelstan ya karya rundunar taron dangi, an yi amfani da kalmar ga cikin jirgin ruwan da ya ɗauko mayaƙa ya ƙetaro da su teku. Cikin jirgi rami ne mai ɗaukar kaya. A Jamusanci "Meerbusen" ita ce inda teku ya kutsa cikin ƙasa, ƙasa ta rungume shi ta gefe uku. A harshen Holanda "boezem" tana nufin ɗakunan sama biyu na zuciya, tana kuma nufin tafkuna da magudanan da ake tara ruwan da aka janye daga filayen noma kafin a zubar da shi a kogi ko teku. Jirgi, da lungun teku, da ɗakin zuciya, da matarar ruwa: dukansu wuri ne da ake shiga cikinsa. Kalmar da asalinta kumburi ne za a sa ran ta haifi sunayen tuddai da ƙuraje da ƙulli. Wannan ba ta yi haka ba a ko'ina cikin danginta. Ana iya cewa abin da ya kumbura ta waje rami ne ta ciki, kamar filafilan jirgi da iska ta cika. Magana ce mai ma'ana, amma tana bukatar ƙarin mataki wanda ɗayan ra'ayin ba ya bukata.

Tsakanin riga da fata

Akwai wata ma'ana da ta daɗe tana aiki a Ingilishi wadda yau ta kusa mutuwa, ita ce sararin da ke tsakanin tufa da ƙirji, inda mutanen da ba su da aljihun ɗinki ke ɓoye wasiƙa ko kuɗi. A fassarar Baibul ta 1611, wadda aka yi da umurnin sarki Jems, da wannan kalma aka bayyana wurin da Annabi Musa ya cusa hannunsa ya fito da shi fari. Da Pickthall ya fassara Alƙur'ani zuwa Ingilishi a 1930, ita ya ɗauko a wannan ƙissa, don ta tsaya a madadin kalmar Larabci "jaib", wato buɗin wuyan riga ta wajen ƙirji. Wannan "jaib" ɗin, tare da "al" ɗinta, ita ce ta shigo Hausa ta zama aljifu ko aljihu. Wanda ya dubi babbar riga ya ga inda aka ɗinka aljihunta, a kan ƙirji, ya ga ma'anar da "bosom" ke ɗauke da ita a 1611.

Latinanci yana da "sinus" mai wannan tarin ma'ana: naɗin mayafi a ƙirji, da runguma, da lungun teku. Girkanci yana da "kolpos", wadda ta bi ta Italiyanci ta zama "golfe" a Faransanci. Wani abin ban sha'awa ya faru a gefe. Masana lissafi na Indiya sun kira wani layi a cikin da'ira da sunan tsirkiyar baka, Larabawa suka ari kalmar suka rubuta ta da baƙaƙe uku, jim da ya da ba, daidai da na "jaib". Masu fassara na ƙarni na 12 a ƙasar Sifen suka karanta ta a matsayin wuyan riga, suka sa "sinus", kuma ita ce ɗalibai ke haddacewa har yau a darasin lissafi.

Wannan kamanci da Latinanci yana ɗauke da wata matsala da ya kamata a yi wa ra'ayin hannu adalci a ambata, ko da za ta rage masa ƙarfi. Yawancin abin da aka rubuta a tsohon Ingilishi malaman coci ne suka rubuta shi, kuma Latinanci suka karanta. Mai yiwuwa ne wasu ma'anonin "bōsm" da "Busen", musamman ta lungun teku, an kwaikwayo su ne daga "sinus" wajen fassara. Idan haka ne, ba za a ƙirga su a matsayin shaida mai zaman kanta ba. Amma ko a nan, sai an tambaya me ya sa masu fassarar suka ga wannan kalma ce ta dace da "sinus", suka bar "brēost" ga "pectus". Sun zaɓe ta ne don ta riga tana nufin wurin da ke kewaye abu.

Yadda ma'anar ta ƙuntata

Daga runguma kalmar ta wuce zuwa ga abin da ke cikin zuciya, sirri da ƙauna da kusanci. Tun ƙarshen ƙarni na 16 ake haɗa ta da kalmar aboki don a nufi amini, wanda ba a ɓoye masa komai. Ta hanyar Linjilar Luka kuma aka sami ƙirjin Ibrahim a matsayin wurin hutun salihai bayan mutuwa, maganar da ta zama ruwan dare har Shekspiya, a wasansa na sarki Henri na Biyar wajen 1599, ya sa wata mai masauki ta kuskure sunan, ta ambaci sarki Arta a maimakon Ibrahim, yana da tabbacin cewa ƴan kallo za su gane kuskuren su yi dariya. A Amurka ta ƙarni na 19 har gaban taguwar namiji ana kira da wannan suna.

Kunya ce ta kawo sauyi na ƙarshe. Da aka soma jin nauyin ambaton nonon mace kai tsaye, sai aka nemi kalma mai laushi, aka sami wannan. Sannu a hankali ma'anar sakayawa ta danne sauran, har a ƙarni na 20 aka soma yi mata jam'i ana nufin nonuwan mace guda, abin da tsohuwar ma'anar ba za ta ɗauka ba, tun da mutum ɗaya runguma ɗaya gare shi. "Busen" ta Jamusanci ta bi wannan hanya. "Sein" ta Faransanci, ƴar "sinus", ita ma haka, sai dai ta bar tsohuwar ma'anarta a cikin "au sein de" da ake gani kullum a takardun ofis. Hausa ma takan ce ƙirji inda ake jin kunyar cewa nono, ta kuma ja kalmar gaba zuwa ga al'aura saboda wannan dalili.

Idan aka ɗora ra'ayoyin biyu a ma'auni, na hannu ya fi rinjaye, domin ya dace da cikin jirgi da wuyan riga da runguma ba tare da an tilasta masa ba, kuma sauyin baƙin da yake bukata yana da makamanci a harshen. Na kumburi ya dace ne da ma'anar da ta fi kowace ƙuruciya. Duk da haka rinjaye bai kai tabbas ba, tun da Gotanci, wanda shi ne zai nuna ko akwai "h" ko babu, bai bar kalmar a rubuce ba. Shigarwar 1887, da ta ce ba a sani ba sannan ta ambaci hannu a matsayin zato, ta fi yawancin waɗanda suka biyo bayanta dacewa da shaidar da ke akwai. Gyaran da take bukata shi ne a sauko da ƙirji zuwa mataki na biyu, a mai da runguma inda Johnson ya ajiye ta.